AMSOSHIN WASIƘUNKU: Mece Ce Lynx, Manhajar Da Ba Ta Nuna Hoto?

   

A wannan mako jakarmu ta zo da wasiƙu uku da suka haɗu a kan magana guda, don haka zan haɗa su in amsa gaba ɗaya. Ta farko daga wani Alhaji ce, mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce ɗansa ya dawo hutu daga makaranta da wata tsohuwar kwamfuta, yana shiga intanet da ita, amma babu hoto ko ɗaya, sai baƙin allo da rubutu tsagwaronsa. Yaron ya ce masa sunan abin Lynx, kuma ba ta cin data. To sai wani mai shago ya ce wa Alhaji wai wadda yaron ke amfani da ita ta sata ce, in yana son ta ainihi ya kawo kuɗi a sa masa. Alhaji yana tambaya: gaskiyar wa zai ɗauka, ya biya ko kada ya biya?

Ta biyu daga wani manomi ce a yankin Illela ta jihar Sakkwato. Ya ce a ƙauyensu sabis ba ƙarfi, sai ya hau tudu, kuma kafin shafi ɗaya ya buɗe katinsa ya ƙare. Ya ji labarin wannan manhaja, ko za ta yi masa magani? Ta uku kuwa wata malamar firamare ce daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wadda yayanta ya rasa ganinsa, tana tambaya ko gaskiya ne makafi na iya karatu da ita.

To madalla. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Alhaji, ranka ya daɗe, bari in fara da taka, tunda ita ce akwai kuɗi a ciki. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka ba kowa ko kwabo. Ɗanka ne ke da gaskiya. Amma ba zan bar ka da hukunci babu dalili ba, sai ka gyara zama.

Da farko, mece ce burauza? Ka ɗauki intanet kamar wata babbar kasuwa mai rumfuna ba iyaka, kowace rumfa da adireshinta. Kai ba ka iya shiga da ƙafarka, sai ka aiki yaro. Ka ba shi adireshi, ya je ya karɓo abin da ke rumfar, ya shimfiɗa maka a kan allo. Wannan ɗan aike shi ne burauza. Chrome da ke cikin wayoyinku burauza ce, haka Opera, haka Firefox. Lynx ma burauza ce, sai dai halinta daban. In ka aike ta, rubutu kaɗai take kawowa. Hoto da bidiyo da tallace-tallace masu walƙiya duk a can take baro su.

Manomi zai fi kowa gane wannan. In za ka kai gero kasuwa, kana iya loda dammuna a mota yadda suke, da zangarniya da komai, ka biya kuɗin mota mai yawa. Kana kuma iya sussukewa, a sheƙe, ka zuba tsaba a buhu. Abin da za a ci dai ɗaya ne, amma nauyin da ka biya wa kuɗin mota ba ɗaya ba ne. To data ita ce kuɗin motar, kuma Lynx tsabar take ɗauka.

Ga ɗan lissafi, tunda ni tsohon malamin aji ne, ban iya barin allo ba. Harafin boko guda yana cin abin da ake kira bait ɗaya, masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ suna cin biyu. Wannan jawabi nawa duka, in an rubuta shi, bai wuce kilobait 12 ko 13 ba. Hoto guda da aka ɗauka da waya kuwa yakan kai megabait 2, wato kilobait 2,000. Ka ga ke nan a wurin da hoto ɗaya ya zauna, jawabi irin wannan fiye da 150 zai zauna. Shafukan intanet na yanzu, matsakaicinsu yakan kai megabait 2 ko fiye, kuma hotuna da ƙananan manhajojin da ke maƙale a jiki su ne suka fi nauyi a ciki. Tun da hukumar sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta amince a watan Janairu na 2025 a ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin 100, wannan lissafi ya zama na kowa.

Yanzu, daga ina ta fito? A ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Kansas. Jiha ce ta manoma, ta yi suna wajen alkama, kuma ita ce kan gaba wajen noman dawa a ƙasar. A wani gari nata mai suna Lawrence akwai Jami'ar Kansas. A nan ne a shekarar 1992 mutum uku na sashen kwamfuta, Lou Montulli da Michael Grobe da Charles Rezac, suka ƙirƙiro Lynx. Da fari ba don duniya suka yi ta ba. So suke ɗalibai da malamai su riƙa karanta sanarwar jami'a a kan kwamfuta. A daidai wannan lokaci kuwa, wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janiba, ya riga ya fito da tsarin shafukan intanet da muka sani yau. Ya kawo shawarar a 1989, aka buɗe wa jama'a a 1991. Sai a 1993 Montulli ya gyara Lynx yadda za ta iya buɗe irin waɗannan shafuka.

Kada ka ce don ƙeta suka hana ta hoto. A wancan zamani yawancin allunan da ɗalibai ke zama gabansu haruffa kaɗai suke iya nunawa, layin sadarwa kuma tafiyar hawainiya yake yi. Sun ɗinka riga ne daidai jikin mai sawa. A shekarar 1993 ɗin ce wata burauza mai suna Mosaic ta fito da hotuna a cikin shafi, jama'a suka koma can, daga baya Netscape ta zo, wasu suka biyo. Mosaic ta mutu, Netscape ta mutu. Lynx kuwa tana nan, ita ce mafi tsufa a cikin burauzojin da har yau ake kula da su. Zubinta mai lamba 2.9.0 ya fito a watan Janairu na 2024, an kuma yi gyare-gyare bayansa. Sunan kuwa na wata kyanwar daji ce ta ƙasashen sanyi, mai gajeren wutsiya da kaifin ido, kuma ana furta shi kamar Linkis.

To Alhaji, ga inda maganar kuɗinka take. A shekarar 1995 aka saki Lynx a ƙarƙashin wani lasisi da ake kira GPL. Wannan lasisi ya fito ne daga wata tafiya da wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya faro a 1983. Abin da ya ƙunsa shi ne, kowa yana da izinin ya yi amfani da manhajar, ya kwafa, ya ba maƙwabcinsa, ya duba yadda aka ƙera ta, har ya gyara. Sharaɗi guda ne: in ka gyara ka raba wa mutane, dole ka bar musu irin 'yancin da aka bar maka. Saboda haka babu wata Lynx ta sata, babu wata ta ainihi da aka ɓoye a ƙarƙashin kanta sai mai kuɗi. Wadda ke hannun ɗanka ita ce a hannun farfesa a Landan.

Amma a yi adalci. In mai shago ya ce ka biya shi ladan zama da ya yi ya saka maka, wannan haƙƙinsa ne, kamar ladan mai ɗaukar kaya, kuma lasisin bai hana ba. Sai ku yi ciniki a kan aikinsa. Abin da ba daidai ba shi ne ya tsorata ka da cewa ta ɗanka ta sata ce. Ko dai bai sani ba, ko kuwa ya ga babbar riga.

Na san abin da ke ranka, don ɗan kasuwa ba ya yarda da kayan da ba a sa wa farashi ba. Za ka ce, in ba a sayarwa, wa ke ciyar da masu yin ta? Alhaji, ka tuna aikin gayya. Ana kiran matasan gari gonar wani dattijo, kowa ya zo da fartanyarsa, a yi noma a tashi, ba wanda ya rubuta takardar albashi. Haka Lynx take. Ba kamfani gare ta ba. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da sana'ar da yake ci da ita, in ya ga ɓaraka sai ya aiko da gyara. A shekarun baya wani masani mai suna Foteos Macrides ya daɗe yana riƙe da ita. Yanzu kuwa wanda ke tattara gyare-gyaren, sarkin gayyar ke nan, shi ne Thomas Dickey. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ribarsu ita ce su ma suna amfani da ita, kuma duk gyaran da ɗaya ya yi, kowa ya samu.

Sai dai aikin gayya yana da nasa hali. Babu ofishin da za ka je ka buga tebur in abu ya ƙi. Abin da suka tanada maimako shi ne bayani a rubuce. Gidan manhajar a intanet shi ne lynx.invisible-island.net, na kuma roƙi a buga adireshin a jarida don masu son kwafa. A can ake samun manhajar kanta, da littafin jagora, da jerin duk gyaran da aka yi mata shekara da shekaru. Da Turanci suke, sai a nemi ɗan makaranta. Shawarata ita ce kada a ɗauko ta a wani wurin da ba a sani ba, don mugaye kan cusa cuta a cikin kayan kyauta su raba. In kwamfutar tana aiki da tsarin Ubuntu ko Debian, ɗanka ya san yadda zai rubuta sudo apt install lynx, shi ke nan ta sauka. Akwai kuma ta Windows.

Yaya ake tuƙa ta? Ba a bukatar linzamin kwamfuta, da maɓallai ake komai. Ka danna harafin g, ta tambaye ka adireshi, ka rubuta. In shafi ya buɗe, za ka ga wasu kalmomi sun fita daban, to ƙofofi ne zuwa wasu shafuka. Kibiyar sama da ta ƙasa suna kai ka daga ƙofa zuwa ƙofa. Kibiyar dama shiga, kibiyar hagu komawa baya. Dogon maɓallin nan na ƙasa yana juya maka shafi gaba. Harafin a yana adana adireshin da kake so, v ya nuna maka waɗanda ka adana. Harafin p yana ba ka damar ajiye rubutun a kwamfuta don ka karanta bayan ka kashe data. In ka rikice ka danna h, bayanin taimako ya fito. In ka gama ka danna q. Wanda ya iya ƙirga buhu ɗari ba tare da takarda ba, wannan ba zai gagare shi ba. Abu ɗaya kuma ga masu karanta Hausa: in kun ga ƙ da ɗ da ɓ sun zama wasu alamomi, ku danna o, ku zaɓi tsarin haruffa na UTF-8.

Me za a karanta da ita? Wikipedia ta Hausa, wadda ita ma 'yan sa-kai ke rubutawa, tana buɗewa lafiya a ha.wikipedia.org. Don neman abu akwai lite.duckduckgo.com, wanda aka yi shi musamman mara nauyi. Masu jin Turanci suna da lite.cnn.com da text.npr.org, labarai ne zalla. Jaridu da yawa ma suna karantuwa, sai dai ka yi haƙurin wuce jerin ƙofofin da ke sama kafin ka iso ga labarin.

Yanzu sai in juyo gare ka, Malam na Illela, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Gaskiya ne inda sabis ba ƙarfi, rubutu yakan lallaɓa ya iso a lokacin da hoto ya maƙale a hanya. Amma Lynx kayan kwamfuta ce tun asali. Ana iya sa ta a wayar Android ta cikin wata manhaja mai suna Termux, sai dai aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa, kuma tuƙa ta a ƙaramin allo akwai wuya. Na biyu, ba ta aiki da abin da ake kira JavaScript, wato ƙananan umarnin da ke motsa yawancin shafukan zamani. Don haka ba za ka yi WhatsApp da ita ba, ba YouTube, ba TikTok, kuma shafukan banki galibi ba za su yi ba. Na uku, sai mai karatun boko. Saboda haka in waya ce kaɗai gare ka, ɗauki darasin ka bar manhajar. Shiga saitin WhatsApp ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Hana bidiyon Facebook tashi ba ka taɓa ba. In kana da Opera Mini, kunna tsimin data, ka rage ingancin hotuna ko ka kashe su. Wannan kaɗai zai sa katinka ya ƙara kwana.

Malama ta Maraɗi, Allah ya ba yayanki haƙuri, ya sa kaffara ne. Abin da kika ji gaskiya ne. Tun shekarun 1990 makafi suka riƙi Lynx, domin rubutu ne jere layi bayan layi, na'urar da ke karantawa da murya tana bi ba tuntuɓe, haka ma na'urar rubutun makafi da ake shafawa da yatsa. Inda hoto yake, in mai shafin ya rubuta bayaninsa, Lynx takan nuna bayanin. Amma a yau akwai hanyoyin da suka fi sauƙi. A wayar Android akwai TalkBack, wadda ke karanta abin da yatsa ya taɓa. A kwamfuta mai Windows akwai NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta tun daga 2006. Tunda a Nijar kuke, in yana jin Faransanci muryoyin suna nan. Ki fara masa da wayar da ke hannu.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani. Shafuka da yawa sukan ajiye wata 'yar alama a na'urarka don su gane ka in ka dawo, ana ce mata kuki. Abin mamaki, wanda ya ƙirƙiro kuki a 1994 shi ne Lou Montulli ɗin nan, bayan ya bar Kansas ya koma kamfanin Netscape. Ita kuwa Lynx, yadda ta zo, sai ta tambaye ka kafin ta karɓi kuki, ka yarda ko ka ƙi. Kuma tunda ba ta ɗauko hotuna da waɗancan ƙananan umarni, yawancin masu leƙen asirin mutane don talla ba sa samun yadda suke so.

Amma kada wannan ya sa ku saki jiki. Lynx tana tace hoto, ba ta tace ƙarya. In ɗan damfara ya rubuta cewa ka ci wata gasa, ko gwamnati na raba taki sai ka turo lambar sirrin katinka, to ƙaryar za ta iso maka a rubuce tsaf, a baƙin allo. Haka maganar farashi. Alhaji, ka fi ni sanin cewa farashin masara a Dawanau da safe daban, da la'asar daban. Abin da ka karanta a intanet wataƙila na makon jiya ne, ko na wata kasuwa, ko na wani mudu. Ka ɗauke shi a matsayin labari, amma kafin ka loda mota ka buga wa dillalinka waya.

Ni kaina na ga amfanin irin wannan. Lokacin da nake koyarwa, akwai wasu kwamfutoci da aka jibge a sito, an ce sun tsufa, ƙura ta rufe su. Wani tsohon ɗalibina ya zo ya tashi guda biyu, ya sa musu tsari mara nauyi da wannan manhaja. Yara suka yi ta karatu a kansu, kuma abin da ya fi burge ni, babu bidiyon da zai ɗauke musu hankali. Da tsohuwar zuma ake magani. Saboda haka Alhaji, kada ka raina kwamfutar yaron nan, kada kuma ka yi saurin saya masa sabuwa don wani ya ce. Ka zaunar da shi bayan sallar isha'i ya nuna maka maɓallan nan. Kuɗin da ka so ba mai shago, ka saya masa data da su, ka sa masa albarka.

To jama'a, agogo ya harare ni. Wanda bai ji wasiƙarsa ba ya yi haƙuri, tana cikin jaka, za mu zo kanta. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, a rubuta sunan gari a fili, tambaya ɗaya a takarda ɗaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Ku huta lafiya, wassalam.